Damina Ɗaya da Babana Ya Roƙe Ni

Da Babbar Sallar da ta wuce, ɗan'uwanku Kabiru ya buɗe tsohon akwatina na ƙarfe yana neman takardar gonar fadama, sai ya ci karo da littafin nan mai shuɗin bango. Duk kuna nan, kun gani. Ya ɗauki hoton shafukan da wayarsa, ya yi 'yan danne-dannensa irin na yaran zamani, sai ga waya tana busa abin da na rubuta da hannuna tun kafin in auri mahaifiyarku. Kuka hau tafi, wata a cikinku har da guɗa, wai ga busar kakanku ta dawo. Ni kuwa na tashi na ɗauki buta na fita, alhali lokacin salla bai yi ba. Kun zaci kukan murna na tafi yi. Na kuma san abin da ake faɗa a kaina a garinmu Kudan tun ina saurayi, cewa Malam Isiyaku ya yi boko ya ƙi gadon gidansu don kada a kira shi ɗan maroƙi. Duka biyun ba haka ba ne, shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi tun ina da sauran ido.

Babana, Tanko Mai Sarewa, gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ba ya son dogon zance. A zamaninsa noma da garma ake yi, kuma babban aiki sai an kira gayya: mai gona ya dafa abinci, majiya ƙarfi su taru su yi masa huɗa a yini guda. Masu ganga suna tsayawa a bakin gona, shi kuwa Baba cikin gonar yake shiga da sarewarsa ta gora mai huji huɗu, yana bin manoma a baya. Kowane gwanin noma yana da takensa, wato 'yar busa tasa shi kaɗai, wadda in ya ji ta ko ya gaji sai ya ɗaga kai ya yi kururuwa ya ƙara danna garma. Baba ne ke ƙirƙira wa mutum take, shi ne kuma ke riƙe da na waɗanda kakanmu ya ƙirƙira. Daga Dandamisa ake aiko masa, daga Nasarawan Doya ake aiko masa, wani lokaci har ƙasar Ikara. Amma wanda ya fi jin daɗin bi shi ne amininsa Audu, wani dogo da ƙaho ya taɓa soke shi a cinyar hagu yana yaro, ya bar shi da ɗingishi. Da ɗingishin nan Audu yake riga kowa kai ƙarshen gona. Ina ƙarami nakan ga Baba a bayansa, kumatu a kumbure, su biyu suna tafiya kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Ni ne auta, ni kaɗai ne kuma namijin da ya rayu. Aka ɗauke ni makaranta, na yi ta wucewa har kwalejin horon malamai a Zariya. A can na haɗu da Malam Bitrus, mutumin kudancin Zazzau, mai koyar da kiɗa da waƙa. 'Yan ajinmu sun mai da darasinsa lokacin barci. Ni kuwa ranar da ya ja layuka biyar a allo, ya ɗiga ɗigo a kansu, ya ce wannan ɗigon sauti ne, sai na ji kamar an buɗe mini taga a ka. Ya koya mana cewa sautuka tsani ne mai matakai: do, re, mi, fa, so, la, ti, in ka taka na takwas ka dawo do amma a sama. Ya nuna mana a wani tsohon fiyano cewa fararen haƙoransa su ne matakan, baƙaƙen kuma rabin mataki ne a tsakani. Ya koya mana raba waƙa gida-gida da tsayayyen layi, kowane gida bugu huɗu daidai wa daida. Har shiru yana da alamarsa. Wannan ya fi komai ba ni mamaki, a ce mutum ya rubuta shiru.

Wata rana ya ba mu labarin inda abin ya samo asali. Ya ce shekara wajen dubu da ta wuce, a ƙasashen Turai akwai sufayen Kirista da suka bar duniya suka tare a gidajen ibada, suna rera addu'o'insu da murya ɗaya ba ganga ba molo. Da kunne suke koyo, yaro ya shiga hannun tsoho shekara da shekaru kafin ya haddace. Da farko suka soma yin 'yan ɗige-ɗige da lanƙwashe-lanƙwashe a saman kalmomi, masu nuna nan murya ta hau, nan ta sauka, amma alamun ba sa koya wa kowa waƙa, tuni kawai suke yi wa wanda ya riga ya ji ta. Daga baya aka ja layi ɗaya, aka ƙara har huɗu, sai ya zama mutum yana iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Har tafin hannu suka mayar allo, kowace gaɓar yatsa da sautinta, malami ya nuna gaɓa ɗalibai su rera. Ina zaune ina duban hannuna, Babana nake gani. Da aka tashi na bi Malam Bitrus har gindin dalbejiya, na gaya masa ni ɗan mai busa ne, kuma zan rubuta duk abin da ke bakin ubana.

Ya ce, "Madalla, Isiyaku. Amma ka ji ƙarshen labarin. Su ma suna da mawaƙa masu yawo gari-gari suna yi wa manya waƙa, irin namu. An rubuta wasu waƙoƙinsu. Mun san inda murya ke hawa da inda take sauka, amma da wane irin taku suke tafiya, masana suna ta gardama har yau. Takarda ƙashi take ajiyewa, ba ta ajiye romo."

Na ce, "Na gane, Malam."

Ban gane komai ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a lokacin ƙuƙumin nan ji nake kamar rawani.

Shekarata ta ƙarshe ce a kwaleji. Na zo hutu da bazara, ƙasa ta yi zafi, hadari ya soma leƙowa ta gabas yana komawa. Tun daga zaure na ji tarin Baba. Ba irin tarin mura ba ne, wani busasshe ne mai tsawo, wanda in ya gama sai mutum ya jingina da bango. Baba ya rame, ƙirjin nan ya zube. Bayan mun gaisa, na ci tuwo, sai ya sa Inna ta kira ni ƙarƙashin tsamiyar tsakar gida.

Ya ce, "Auta, abu guda nake so a wurinka. Ka ba ni daminar bana. Daga saukar ruwan fari har a kai amfani gida. Ka bi ni gona-gona, in zuba maka abin da ke bakina, daga nan ka tafi duk inda kake so."

Na ce, "Baba, jarrabawar fita a tsakiyar damina take. In na rasa ta, shekara biyar ta tashi a banza, wataƙila ma ba za su sake karɓata ba."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Akwai hanya mai sauƙi. Mako biyu ya ishe ni. Ka busa, ni kuma in rubuta. In na rubuta, ko bayan shekara ɗari wani zai ɗauka ya busa."

Na kawo littafin na buɗe masa shafin da na yi gwaji. Ya daɗe yana dubawa, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa.

Ya ce, "Wannan ai kashin awaki ne a kan layin huɗa."

Inna da ke tsince shinkafa ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi. Amma da Baba ya shiga ɗaki sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta matso kusa da ni, ta rage murya.

Ta ce, "Auta, damina ɗaya ce fa. Tunda nake da mutumin nan ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba."

Na ce, "Inna, makaranta ba ta jira."

Ta ce, "Makaranta tana tari ne?"

Gaskiyar magana, ba tsoron rasa jarrabawa kaɗai ya hana ni ba, ina ma a ce shi ne. Na yarda har cikin raina cewa na zo da abin da ya fi nasu. Gani nake kakanmu ya sha wahala, Baba ya sha wahala, ni kuma Allah ya ba ni mabuɗin da zai hutar da zuriyarmu. Ba ƙin sarewa na yi ba. Sonta nake yi, so irin na wanda ya tabbata shi ne zai cece ta.

Muka soma. Kullum da hantsi, kafin rana ta yi zafi, mukan zauna a zaure, shi a buzu ni a kan turmi da littafi a cinya. Sai ya ambaci sunan mai take, ya ɗan faɗi wane ne shi da wane ne ubansa, sannan ya busa. Ni kuma in lalubo sautin a 'yar sarewar roba da aka ba mu a kwaleji, in ɗiga. Tun ranar farko na ci karo da matsala. Akwai wani sauti da ke fita in ya buɗe huji na uku, ya wuce re, bai kai mi ba, kuma ba shi ne na baƙin haƙorin da ke tsakaninsu ba. Ba shi da mazauni a layukana. Na yi ta juya fensir, daga ƙarshe na tura shi sama na zaunar da shi a mi, na ce a raina gorar ce ba a huda daidai ba. Akwai kuma wani gurnani da yake yi a maƙogwaro yana busa, kamar mutum biyu ke cikin gorar. Shi ban ma yi ƙoƙarin rubuta shi ba. Haka muka yi ta yi, take bayan take, wasu masu su suna raye, wasu sun daɗe a ƙasa. In tari ya taso masa sai mu dakata, Inna ta miƙo ruwan ɗumi ta bayan labule.

Ranar da muka zo kan taken Audu, Baba ya gyara zama, fuskarsa ta saki. Ya busa sau ɗaya, na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, sai na huɗun ya ja ƙafa, ya makara kaɗan kafin ya sauka. Na ce ya sake. Ya sake, na huɗun ya kuma makara. Sau uku haka.

Na ce, "Baba, a nan kana jinkiri. Numfashin ne? Mu huta."

Ya ce, "Ba ni ke jinkiri ba. Audu ne."

Na ɗauka irin barkwancinsa ne, ko kuma ba ya so ya amsa cewa ƙirjinsa ya gaza. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a zuciyata bari in rufa masa asiri, kada 'yan baya su ga rauninsa a takarda. Na raba taken gida-gida, bugu huɗu-huɗu, santal, babu inda ya karkace. Wallahi da kyakkyawar niyya na yi.

Ana jibi zan koma, ya aike ni bakin rafi na saro gora. Ya zaɓi gaɓa ɗaya ya yanke, ya kama hannuna na dama da na hagu ya ɗora yatsuna a kai yadda suka ga damar zama, ya shata wurin kowanne da gawayi. Sannan ya sa basilla a wuta har ta yi ja, ya huda. Haka ake yi a gidanmu, ba a auna sarewa da komai sai da yatsun mai ita, shi ya sa ta wani ba ta yi wa wani daidai. Ƙaurin gorar nan da ke ƙonewa har yau yana hancina. Ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na soke ta a jinkar ɗakina, don na ga ba za ta yi daidai da fiyano ba. Sai na ce bari in nuna masa aikin da muka yi. Na buɗe littafi, na ɗauki ta robar, na busa masa taken Audu daga farko har ƙarshe, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ya saurara kansa a sunkuye. Da na gama ya ɗaga ido ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta saman katanga.

Ya ce, "Da daɗi. Tafi ka yi jarrabawarka, Allah ya ba da sa'a."

Na tafi ina murna, wai ya yaba. Ruwan fari ya same ni a cikin mota kafin mu kai Zariya.

Na ci jarrabawa, har da yabo a darasin Malam Bitrus. Aka tura ni koyarwa wata firamare a ƙasar Ikara. An ce Baba ya fita gayya uku a daminar nan, a ta ukun ya zauna a tsakiyar gona ya kasa tashi, Audu ne ya goyo shi har gida. Ya rasu bayan an gama yankan dawa. Na yi kuka irin na kowane ɗa, amma a ƙarƙashin kukan akwai wata 'yar nutsuwa, cewa ai abin yana akwatina. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba har ta koma ga Allah. Sau ɗaya dai, da na ce mata kada ta damu busar Baba tana nan a rubuce, ta dube ni ta ce to, ta ci gaba da kaɗinta.

Bayan kamar shekara biyu aka aiko mini daga gida cewa Baba Audu yana nemana. Ciwo ya kwantar da shi, idonsa ma ya tafi. Ya ji labari wai ɗan Tanko ya kwashe taken kowa ya zuba a littafi. Na hau keke ranar Asabar da sassafe, littafi da sarewar roba a jaka, ina jin kaina kamar likita. Na same shi a zaurensa an jingina shi da bango, dogon nan ya zama kamar kara. Garmarsa na rataye a sama, ta yi tsatsa.

Na durƙusa na ce, "Baba Audu, ina kwana? Yaya jiki?"

Ya ce, "Jiki ya gode Allah. Wane ne, Auta ne? Matso in ji hannunka. Yaya aiki, yaya mutanen Ikara? Ka ga yadda Tanko ya yi mini, ko? Ya tafi ya bar ni ba mai bina a baya."

Na ce, "Sai haƙuri, Baba."

Ya ce, "Haƙuri ya zama dole. An ce yana wurinka. Sau ɗaya nake so in ji, in ji ƙafata ta motsa."

Matan gidan suka taru a bayan ƙofa. Na buɗe shafin, na ja numfashi, na busa. Na busa shi da kyau, kowane ɗigo a mazauninsa, kowane gida bugu huɗu. Ina yi ina satar kallonsa, ina jiran ya ɗaga kai. Yana zaune, ya karkato kunne, da ɗan murmushi irin na mai jira. Na kai ƙarshe na sauke.

Ya ce, "Yauwa. Ka gama gwada ta? To busa mini nawa."

Na hau juya shafuka, gaba da baya, kamar akwai wani wurin da na ɓoye shi. A cikin ƙarar takardun nan maganar Baba ta faɗo mini, ba ni ke jinkiri ba, Audu ne. Na dubi ƙafar hagun da ke miƙe a kan tabarma, mai tabon ƙaho. Sai a ranar na fahimci abin da ya sa ya ce damina, bai ce mako biyu ba. Ba a koyon taken mutum a zaure. Sai ka bi shi a baya cikin huɗa, ka ga yadda yake jefa ƙafa, inda yake nishi, inda garmarsa ke sauka, har numfashinka ya zama nasa. Baba ya saka ɗingishin amininsa a cikin busa don ya zama abin taƙama, ni kuma na zo da fensir na warkar da shi. Sauran ma haka na yi musu duka, na miƙe abin da ba a karkace yake ba.

Baba Audu ya ce, "Ba ya ciki, ko?"

Na ce, "Ba ya ciki, Baba."

Ya ɗaga hannu ya soma bugun cinyarsa a hankali, uku a jere, na huɗun a makare. Ya buɗe baki zai rera mini, ba abin da ya fito sai iska. Ya gwada sau biyu ya bari. Sannan ya lalubo kaina ya dafa, shi da ya kamata in lallasa.

Ya ce, "Bar shi, Auta, kada ka damu kanka. Na kusa zuwa in ji a bakin mai shi."

Bai kai kaka ba.

Da na koma gida na zaro sarewar gora daga jinka. Yatsuna suka zauna a kan hujin nan huɗu kamar jiya aka auna. Na buɗe na uku, sai ga sautin nan da na kora daga littafina, wanda ya wuce re bai kai mi ba, yana nan inda Baba ya ajiye mini shi. Sautin ina da shi, abin da za a faɗa da shi ne babu. Na yi shekaru ina bin tsofaffi a Kudan da Makarfi ina tambaya ko akwai mai tuna wani take. Wani ya tuna farkon nasa, wani ya ce in ya ji dai zai gane. Kafin in farga garmar shanu ta shigo, gayya ta ja baya, masu taken suka bi juna. Na koyar da yara do, re, mi shekara da shekaru, ban kuma ce ilimin banza ba ne, don ba laifin layukan ba ne. Sufayen nan na Turai da suka fara ɗige-ɗigensu sun fi ni hankali, su sun san tuni suke rubuta wa wanda ya riga ya zauna gaban tsoho. Ni na rubuta tunin abin da ban tsaya na koya ba.

Saboda haka littafin nan ku ajiye shi in kuna so, amma kada ku gaya wa 'ya'yanku busar Tanko ce. Ku ce musu ta Isiyaku ce, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda aka roƙa damina ɗaya ya ba da mako biyu. Na ga damina fiye da hamsin tun daga ranar, babu wadda ta sauka ban ce a raina ga wadda zan bayar ba, sai dai babu mai karɓa. Sarewar gora tana ƙasan akwatin, a naɗe cikin tsohon rawani. Kabiru bai lura da ita ba. Yanzu yatsuna sun lanƙwashe, ba sa rufe hujin.

In kuma kun ga na tsaya a bakin hanya ranar kasuwar Makarfi ina bin wani mai ɗingishi da ido, leɓena yana motsi, ku ƙyale ni. Ba ruɗin tsufa ba ne. Taken Audu nake nema.